Ruwan Wankan Sadayan

Tun da rijiyar unguwarsu ta koma gishiri, Irulayi take zuwa Babban Gida da tulu biyu, ɗaya a ka, ɗaya a kwankwaso. Takan ajiye su a gindin kwakwar da ke bayan garke, ta kwashe kashin shanu, ta share, ta zuba musu dusa, sannan ta dawo ta tsaya inda aka saba tsayawa. Akwai wani baƙin dutse a wurin, ɗan nesa da bakin rijiya. Nan uwarta ta tsaya, ita ma nan take tsayawa. Ba wanda ya taɓa ce mata kada ta wuce shi. Ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

In uwar ɗakinta Gomati ta idar da addu'arta ta safe, sai ta fito tana dafe da gwiwa, ta zura guga, ta jawo, ta ɗaga hannu sama sosai ta tsiyayo ruwan daga nesa, don kada ɗigo ya fallatso daga tulun Irulayi ya taɓa mata zane. In ya taɓa, sai ta sake wanka, don a garin ana ɗaukar 'yan bayan gari masu ƙazanta ne tun daga haihuwa. Rabin ruwan a ƙasa yake ƙarewa.

"Matso da shi mana, ke! Tulu baki kamar na kwalba, ta ina zan ga ramin?"

"Ga shi, Uwa."

"Yaya mai jikin?"

"Yana nan, Uwa. Ƙafafun ne."

"Ai giya ba ta barin kowa. Na sha faɗa masa."

Mijinta Sadayan ya bar giya tun kafin su aurar da 'yarsu. Irulayi ta gyara wa tulun zama.

Ƙafafun ne suka fara kumbura, sai fuska ta bi. Da ta kai shi asibitin gwamnati, likitar ta danna masa ƙauri da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ce ƙoda ce. Ta ce ya bar gishiri gaba ɗaya, ya kuma kula da ruwan da yake sha, ya zama mai kyau. Sadayan ya yi dariya har da tari.

"'Yata, mu a Manalkudi ai ba ma sa gishiri a miya. Rijiya ke sa mana."

Da can, daga bayan Babban Gida har zuwa unguwarmu ta bayan gari shinkafa ce shimfiɗe, kuma Sadayan shi ne mai ban ruwan gidan. Shi ke buɗe bakin magudana, shi ke toshewa, da fartanyarsa a kafaɗa. Da Ilango ɗan gidan ya dawo daga karatu, sai ya kawo motar haƙa ta mayar da gonakin tafkuna, ya jawo ruwan teku ya cika su, ya zuba jatan lande. Wata 'yar gona kaɗai aka bari don cin gida, ita ma inji ke girbe ta. Aka daina kiran mata dashe. Gishirin kuma ya bi ta ƙarƙashin ƙasa a hankali, bai yi wa kowa sallama ba. Ayaba ta fara yin rawaya. Bangon ɗakuna ya riƙa fitar da wani farin gari yana zubewa. Wake ya daina nuna ko an wuni ana ƙona itace. Rijiyar Babban Gida kuwa tana kan tudu, can nesa da tafkunan, ruwanta garau kamar yadda yake.

Tulu biyun nan su ne rayuwar Sadayan. Daga su yake sha, da su ake dama masa kunun shinkafa. Irulayi kan sha na gishirin, ta ce masa ta sha a can.

"Ke tsohuwa," in ji shi wata rana, yana riƙe da kofi da hannu biyu, "kin san duk unguwar nan ni kaɗai na taɓa shan ruwan nan ba daga sama ba?"

"Ai ka sha faɗa mini."

"Shekarar fari, da aka zura ni na ƙara mata zurfi. Ina can ƙasa ruwa ya ɓullo mini tsakanin yatsun ƙafa. Na duba sama ba kowa, na sa hannu biyu na sha, na sha, sai da cikina ya yi ƙara."

"Ka sha faɗa mini, na ce."

"Da na fito sai da suka yi mata wanka, ita rijiyar."

"Sha ka ba ni kofin."

Ranar da aka tafi da Gomati birni a duba mata gwiwa, sai aka bar gidan a hannun Janani, matar Ilango. Yarinya ce 'yar birni, mai fara'a, ba ta taɓa yi wa Irulayi tsawa ba. Da sunanta take kiranta kai tsaye, ko da yake Irulayi sa'ar uwarta ce. Ranar farko ta jawo guga ɗaya, ta dubi tafin hannunta da ya yi ja, ta ce sauran sai an jima. An jima ɗin barci ya ɗauke ta. Kashegari ta fito da waya a kunne, ta tarar da Irulayi tsaye a kan dutse tun safe.

"Har yanzu kina nan? Kai, wannan al'adar tana ba ni haushi. Ni fa ban yarda da waɗannan abubuwan ba, duk mutum mutum ne. Ja da kanki mana."

"A'a, ƙaramar Uwa."

"Wa zai gani? Baba yana zaure yana gyangyaɗi. Ja abinki, ni hannuna ciwo yake."

Ta koma ciki tana ci gaba da maganarta. Irulayi ta daɗe a tsaye. Ran nan da tulunan wofi ta koma gida. Ta tarar da Sadayan leɓɓansa sun tsattsage, ya kalli tulun ya kalli fuskarta, bai tambaya ba, ya juya wajen bango.

Da gari ya waye ta sake tsayawa har rana ta take. Janani ta leƙo ta taga ta yi mata alama da hannu, irin ta "yi mana". Sai Irulayi ta sauka daga kan dutsen.

Igiyar laushi gare ta, ba irin ta garke ba. Ta leƙa ciki, ta ga wata tsohuwa baƙa a can ƙasa tana kallonta, sama a bayanta. Shekara da shekaru tana zuwa gidan nan, ba ta san haka cikin rijiyar yake ba. Ta ja guga, ta zuba kusa-kusa, ko ɗigo bai zube ba. Tulunan suka cika har wuya. Sannan ta naɗe igiyar tsaf, ta rataye, don ba ta iya barin abu a watse ba.

Naɗin nan ne ya tone ta. Da yamma Gomati ta dawo, ta je wanke ƙafa, ta tsaya tana kallon igiyar. A gidan ba mai naɗe igiya haka, a gwiwar hannu, a ɗaure tsakiya. Naɗin igiyar shanu ne.

Da safe ta tare Irulayi tun daga ƙofar baya.

"Janani, zo nan. Wa ya ja ruwa jiya?"

"Ni ina ɗaki, Inna. Kaina ke ciwo tun safe." Janani tana kallon farcenta.

"Ke ce, Irulayi?"

"Ni ce, Uwa."

Gomati ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a bakin dandamali ta kama kuka. "Me na yi miki, Irulayi? Da ciwon gwiwata nake fitowa in ja miki. Wace matar gida ke yi wa irinku haka a garin nan? Da ruwan nan na yi addu'a jiya da yamma. Da shi na wanke kayan bauta. Ashe ƙazanta na kai gaban Ubangiji ban sani ba."

"Mai jikin ne, Uwa. Bai sha ba tun..."

"Ki ce mini mai jiki! Da kin jira ni kwana nawa ne?"

Aka kira malamin ɗakin bauta. Ya ce sai an kwashe ruwan duka, a ƙone igiya, a sake guga. Ilango ya turo injin da yake zuƙe tafkunansa, aka zura masa hanci a rijiya, ya wuni yana aman ruwa a kwata. Ruwan ya bi bayan gida, ya gangara gefen hanya, ya nufi tafkuna. Kafin azahar labari ya kai unguwa. Mata suka fito da tuluna da bokitai da tukwanen girki, suka jeru a bakin kwata suna kamfata, suna tacewa da bakin zane. Ba wanda ya hana su, tunda ruwan ya riga ya ɓaci. Tun da gishiri ya zo unguwar ba ta taɓa samun ruwa kamar na ran nan ba.

Pacci, maƙwabciyarta mai baki, ta ɗago daga kwata da zane jiƙe sharkaf.

"Yaya Irulayi! Ashe hannunki albarka gare shi kika ɓoye mana? Don Allah gobe ma ki je ki taɓa."

"Ki taɓa har da tukunyar shinkafarsu," in ji wata, "mu ga ko za a juye mana."

Aka yi ta dariya. Irulayi ma ta cika nata. Tana tsugune tana jin muryar malamin daga cikin gida, yana karatu yana zuba wa rijiya nono da fitsarin saniya. Saniyar da take wankewa kullum ce.

Ruwan kwata ya yi musu 'yan kwanaki ya ƙare. Kafin nan an kawo maƙeri ya yi wa rijiyar murfin ƙarfe, aka sa kwaɗo, aka ɗora inji mai kai ruwa cikin gida. Mabuɗin yana ɗaure a bakin zanen Gomati. Aikin garke dai ba a hana Irulayi ba, don ba mai yi. Ta ci gaba da zuwa da tulunanta, tana tsayawa a kan dutse.

"Ba yau ba. Zuciyata ba ta huce ba tukuna," in ji Gomati.

Wata ranar: "Yau Juma'a ce, ba a buɗe rijiya."

Wata ranar kuma: "Malam ya ce a bar ta ta huta. Ni mece ce da zan saɓa?"

Janani in ta hango Irulayi sai ta canza hanya. Sau ɗaya ta ajiye mata tsohon zane a kan katanga, mai kyau, ba ko yagewa. Irulayi ta kai gida ta yi wa Sadayan matashin ƙafa da shi.

Tankar ruwa ta gwamnati takan zo jefi-jefi, amma a babban layi take tsayawa, kafin layi ya zo kan 'yan bayan gari sai direba ya daki cikinta ya ce ku ji, ba komai. Na sayarwa kuwa, wanda ake kawowa a jarka, sai mai aiki. Don haka Irulayi ta koma ga kwamin shanu. In an cika musu sun sha, takan sa ɓawon kwakwarta, wanda ake zuba mata shayi a ciki, ta kamfaci abin da ya rage ta ɗura a kwalba, ta soke a ƙugu. Ruwan fari-fari ne, da dusa a ciki.

Sadayan ya kurɓa ya tauna. "Yau dusa aka yi mini? Saura ki ɗaura mini igiya a wuya ki kai ni kiwo."

"Wa zai sayi sa mai kumburin ƙafa?"

"Mahauta."

Ya shanye tas. Fitsarinsa ya ragu ƙwarai a lokacin, ɗan kaɗan, ja kamar shayi. Fatarsa ta yi ta ƙaiƙayi, yana susa har jini.

Ba a daɗe ba Gomati ta gan ta tsugune a bakin kwami.

"Har shanun ma ba za ki bar mini ba? Nonon nan fa ɗakin bauta ake kai shi. Irulayi, wai me ya shiga kanki ne da tsufanki? Je ki gida ki yi jinyar mijinki, shi ya fi miki. Tausayinki nake ji, wallahi, aikin ya yi miki yawa."

Aka sa wani ɗan ci-rani a garken, cikin waɗanda Ilango ya kwaso daga arewa suna yi masa gadin tafkuna. Ba ya jin yarenmu, ba kuma wanda ya tambaye shi asalinsa. Da hannunsa yake murɗa famfon garke ya sha.

Irulayi ta je wurin maigidan, tsoho Tiyagarajan, wanda 'yan bayan gari ke kira Sami, wato ranka ya daɗe. Yana kishingiɗe a kujerarsa a zaure, ita tana tsaye a titi, takalmanta a hannu.

"Sami, Sadayan ne."

"Sadayan! Kai, Sadayan. Ba a yi mai ban ruwa kamarsa ba. Ko a mafarki ya san gonar da ke jin ƙishi. Yana lafiya?"

"Ba ya lafiya, Sami. Ruwa nake roƙo. Tulu ɗaya ma ya isa."

"Ruwa ai sha'anin mata ne, ni ban taɓa sa baki ba. Kuma yanzu komai yana hannun yaron nan. Ni da kike gani, shayi ma sai an ga dama a ba ni." Ya lumshe ido. "Ki gaishe shi. Ki ce ina tuna shi."

Ta bi kan gaɓar tafkuna ta sami Ilango. Injinan kaɗa ruwa suna ta fantsama, wurin yana warin kifi da magani. Ya saurare ta da kyau, har ya cire tabarau.

"Ke ma kin yarda da zancen mutane cewa tafkina ne? Teku ce ke matsowa, duk duniya haka ake ciki. Tun guguwar bara ƙasar nan ta lalace. Ni da na bar shinkafa, don ruwan kogi ya daina zuwa kan lokaci ne. In ban yi wannan ba me za mu ci?"

"Ban ce tafkinka ba ne, ƙaramin Sami. Ruwa na ce."

"Kin san Inna. In na sa baki sai ta daina cin abinci. Ki bari ta huce. Ina ma da niyyar sa muku injin tace ruwa a unguwa, in kasuwar bana ta yi kyau. Babba, kowa ya sha."

"Yaushe, Sami?"

"In an kwashe wannan zubin."

Ta tsaya tana kallon ruwan. A daidai nan ne gonar da ta fara dashe tana yarinya, ko kuma can gaba kaɗan. Ba ta iya ganewa ba.

Akwai famfo a tashar jirgin ƙasa, inda ba a tambayar kowa ɗan wane ne. Nisa ne da shi. In ta fita da sanyin safiya, sai rana ta karkata take dawowa, da tulu ɗaya, don biyu sun fi ƙarfinta a wannan tafiyar. Wani lokaci ta tarar famfon ba ya zuwa, ta zauna ta jira, ta dawo haka. Dugaduganta suka tsage. Ba ta jin zafinsu sosai. A kwanakin nan ba ta jin komai sosai, ko yunwa. Tana tafiya ne kawai, tulu yana gaba a cikin kanta, tana bin sa.

Ranar da ba ta samu ba, sai Pacci ta dafa na gishirin ta huce ta ba shi, ko da yake kowa ya san dafawa ba ta fitar da gishiri. Sadayan ya daina zolaya. Fuskarsa ta cika har idanu suka shige. Yakan kira sunayen gonaki yana cewa a buɗe wa ta gabas, ta bushe.

"An buɗe," Irulayi kan ce.

"Ƙarya kike, ban ji ƙarar ruwa ba."

Wata ranar Talata tana dawowa daga tasha, ta hango Pacci tsaye a bakin hanya, wajen tsohuwar magudana. Pacci ba ta ce komai ba, ita da bakinta ba ya rufuwa. Ta miƙo hannu za ta karɓi tulun. Irulayi ta ƙi sakin sa. Haka ta shiga da shi har ɗaki, ta sauke a inda take saukewa, kusa da kan Sadayan, ta ɗauko kofi ta tsaya riƙe da shi.

"Ya tambaye ni?"

"Ya tambayi ruwa," in ji Pacci. "Na ba shi namu. Ya kurɓa ya kawar da kai."

A Manalkudi, in ma'aikacin Babban Gida ya mutu, gidan ke ba da farin ƙyalle, da shinkafar da ake sa wa mamaci a baki, da ruwan wankansa. Tun kakanni haka ake yi, kuma uwar gida ce ke jan ruwan da hannunta, don ladan nata ne. Kashegari da safe aka aiko cewa mata su zo da tuluna.

Suka tafi a jere, makaɗa a gaba, Irulayi a tsakiya. Suka tarar an cire kwaɗo, an ɗage murfin ƙarfe. Gomati ta yi wanka ta sha sabon zane, idanunta jajur, don ta yi kuka da gaske. Ta ƙi yarda a kunna inji. Ta zura sabon guga, ta ja, ta tsiyaya, ta sake ja. Gwiwar ba ta hana ta ba. Janani tana gefe tana share hawaye tana miƙa mata igiya.

"Ku kawo duka," in ji Gomati. "Ke mai jan tulu, matso. Kada a bar ko ɗaya wofi. Gidan nan bai taɓa barin ɗansa ya tafi da datti ba. Sadayan ai ɗan gida ne. Shi ya ƙara wa rijiyar nan zurfi, kun sani?"

"Mun sani, Uwa," in ji matan.

"Irulayi, ki yi haƙuri. Kwana ne ya ƙare. Ni na yafe miki abin da kika yi, har cikin raina."

Irulayi tana tsaye a kan dutsenta. Ruwa yana sauka daga sama yana cika tulu, yana tumbatsa, yana bi ta kan ƙafafunta. Sanyi gare shi. Ya shiga tsagar dugaduganta.

"Na gode, Uwa," in ji ta.

An fito da Sadayan ƙofar ɗaki an kwantar a kan benci. Aka jera tulunan a gefensa, ruwa yana ƙyalli a bakin kowanne. Mutanen unguwa sun kewaye, kuma Irulayi ta lura ba gawar suke kallo ba. Wata mai jego tana lasar leɓe. Yara sun matso har sai da aka daka musu tsawa. Tsoho Kattan, wanda ke wankan gawa a unguwar, ya naɗe hannun riga ya kai hannu ga tulu na farko.

"Bari, Kawu," in ji Irulayi.

Ta kamfaci kaɗan a tafin hannu, ta shafa wa Sadayan a leɓe. Ruwan ya gangara ta gefen bakinsa ya shiga kunne. Ta goge da bakin zane.

"Pacci, ɗebo na rijiyarmu a wanke shi. Wannan a raba, kowa ya sha."

"Ke 'yar nan, kin san abin da kike faɗa?" in ji Kattan. "Ruwan wanka ne. Nasa ne. Ba a taɓa yi ba."

"Da yana so a baki ba a ba shi ba. Fatarsa ba ta roƙi kowa ba."

"Uwar gida za ta ji fa."

"Ta ji."

Kattan ya janye hannunsa daga tulun. Makaɗa ma suka tsaya. Sai Pacci ta ɗauki kofin Sadayan ta cika ta miƙa wa mai jegon.

"Sha, ke. Yaya Sadayan ne ya yi mana ban ruwa. Ai aikinsa ne."

Ba wanda ya yi dariya, amma aka sha. Aka yi ta miƙa kofi hannu zuwa hannu, tsofaffi da yara, har Kattan, wanda ya juya baya ya sha nasa. Abin da ya rage aka rarraba gida-gida. Irulayi ba ta sha ba. An miƙo mata, ta girgiza kai.

Da ruwan unguwa aka wanke shi. Kafin a gama shirya makara rana ta busar da jikin, wani farin gari ya fito masa a goshi da ƙirji da tsakanin yatsu, irin wanda ke fitowa a bangon ɗakunanmu. Aka kawo farin ƙyallen Babban Gida aka rufe. Aka sa masa shinkafar a baki, daga 'yar gonar nan da ta rage.

Labari ya kai kafin a dawo daga maƙabarta. An ce Gomati ta kwanta ta ƙi cin abinci, tana cewa da ciwon gwiwarta ta ja ruwan nan, an tashi an zubar mata da lada a cikin cikin 'yan bayan gari. Ta ce irin mutanen nan ba su san alheri ba, ko ka yi musu ba sa gani. Janani ta ce ita dai abin ya ba ta tausayi ta kowane ɓangare. Ilango ya ce zancen injin tace ruwa yana nan, amma kasuwar bana ba ta yi kyau ba. Tsoho Tiyagarajan ya tambaya ko wane ne ya mutu, aka faɗa masa, ya ce ba a yi mai ban ruwa kamarsa ba. Kafin yamma an mayar da murfi an datse kwaɗo.

Da aka share makoki, 'yar Irulayi ta koma gidan mijinta, ita Irulayin ta tashi da sanyin safiya kamar yadda ta saba. Ta ɗauki tulu ta fito, ta kama hanyar tasha. Sai da ta kai tsohuwar magudana ta tsaya. Ta daɗe a wurin, injinan tafki suna ta kaɗa ruwa a bayanta. Sannan ta juyo, ta zo rijiyar unguwa, ta zura guga da hannunta, ta ja, ta sha.